Yadda Jamusawa ke noman inabi a ƙasar sanyi

"Malam, barka da aiki. Ni ƙaramin manomin inabi ne a yankin Kudan ta jihar Kaduna. Ƙanena da ke karatu a Jamus ya turo mini hotunan gonakin inabi a jikin tsaunuka, a bakin kogi, har ya ce wasu gonakin sai da igiya da inji ake hawa da kaya. Abin ya ɗaure mini kai, domin na san Jamus ƙasar ƙanƙara ce, mu kuwa a nan mun ɗauka inabi sai da rana mai zafi. A waɗanne yankuna suke nomansa, yaya ƙasarsu da yanayinsu suke, kuma wane iri suke shukawa? In na sa ya taho mini da irin nasu, zai yi a gonata?"

Barka kadai ɗan'uwa, Allah ya yi wa gona albarka. Idan na fahimce ka, kana so ka san yadda inabi ke nuna a ƙasar da ruwa ke daskarewa da hunturu, da inda ake nomansa da irin da ake dasawa, sannan ko irin zai karɓi ƙasarka. Ta ƙarshen zan amsa maka tun yanzu: kada ka ɗora wa yaron nan ɗawainiyar ɗauko dashe. Dalilin kuwa zai fito da kansa in ka ga abin da ya sa irin nasu ke yi a can.

Akwai abin da ya kamata a faɗa a fili kafin mu yi nisa. Kusan duk inabin da ka gani a hotunan nan na matsewa ne a yi giya, kaɗan ne ke tafiya wajen yin lemon inabi marar sa maye. Inabin ci da Bajamushe ke saye a kanti yawanci shigo da shi ake yi daga Italiya, Sifaniya, Afirka ta Kudu, Indiya da Masar. Ni fannina itatuwan marmari ne, na yi horo a yankin Rheingau na Jamus, na kuma yi aikin aski, wato datse rassan kuranga, da tsinka a gonakin can da na yankin kogin Mosel. Ba na shan giya, saboda haka ba ni da ta cewa a kan ɗanɗanonta, hukuncinta kuma sananne ne a bakin malamai. Maganata a kan kurangar ce, da ƙasar da take tsaye a kai, da yanayin da take rayuwa a ciki.

Sanyin hunturu ba shi ne matsalar ba

Jamus na da kimanin hekta 103,000 na inabi, an kasa su yankuna 13 da doka ta amince da su. Goma sha ɗaya daga ciki suna kudu maso yamma, a jikin kogin Rhein da rassansa, wato Mosel, Nahe, Ahr, Main da Neckar. Biyu ne kawai ke gabas. Layin digiri 50 arewa da tsakiyar duniya ya ratsa ta birnin Mainz da gonakin Johannisberg, alhali Zariya na kan digiri 11. A kan wannan layi ɗin dai birnin Winnipeg na Kanada yake, inda sanyi ke sauka ƙasa da digiri 30 ƙarƙashin sifili. Abin da ya raba su shi ne igiyar ruwan ɗumi da ke tasowa daga mashigin tekun Meziko ta ratso tekun Atilantika, iskar yamma kuma ta kwaso ɗuminta ta shigo da shi yammacin Turai.

Kurangar inabi ba ta tsoron hunturu kamar yadda ake zato. Da ganye ya zube a watan Nuwamba sai ta shiga barci, ruwan jikinta ya ja baya, kuma a wannan hali iri mai ƙarfi na jure sanyi har kusan digiri 20 ƙarƙashin sifili. Ba ta farkawa sai ɗumin yini ya kai wajen digiri 10. Tana toho a Afrilu, ta yi fure a Yuni, daga fure zuwa tsinka kuma manoman can na lissafin kwana 100 ne, wasu irin su wuce haka. Matsalar tana nan: lokacin ɗumin gajere ne, kuma bakinsa biyu duk akwai haɗari. A farko, dare ɗaya na raɓa mai daskarewa a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu ya isa ya ƙone sabon toho. A ƙarshe kuma, in sanyi da ruwan Oktoba suka riga nunar inabin, sai a tsinke shi da tsami ko ya ruɓe a jikin reshe.

Abu ɗaya ne Allah ya ba su da mu ba mu da shi, wato tsawon yini. A watan Yuni rana kan yi sama da awa 16 a sama, a wurinku kuwa ba ta kai awa 13. Ranar ba ta da zafi, amma tana daɗewa, ganye na ta aiki tun asuba har bayan ƙarfe tara na dare. Sannan dare na da sanyi a Satumba da Oktoba. Wannan ya sa ƙwayar inabin ke tara sukari sannu a hankali ba tare da tsaminta da ƙamshinta sun gudu ba. Ka riƙe wannan, domin a kansa aka gina duk noman inabin Jamus, kuma shi ne zai ba ka amsar tambayarka ta ƙarshe.

Gangare, kogi da dutse

Tunda ɗumin bai wadata ba, sai suka shiga neman wuraren da yake taruwa. A ƙarshen Satumba, tsakar rana a can, rana ba ta wuce digiri 40 daga doron ƙasa, a Oktoba ma ta fi haka sunkuyawa. Haskenta na faɗa wa shimfiɗaɗɗen fili a karkace, da rauni. Amma gangaren da ya fuskanci kudu yana tarbarta kai tsaye, kuma kuranga ba ta yi wa ta bayanta inuwa. Da dare iska mai sanyi, da yake ta fi nauyi, sai ta gangara ta taru a ƙasan kwari, tsakiyar gangaren ya tsira. Kogin da ke ƙasa na riƙe ɗumi ya sake shi da dare, yana kuma maido da hasken rana sama zuwa ga ganye. Dajin da ke saman tsauni kuma yana tare iskar arewa.

Babu inda za ka ga wannan a fili kamar Mosel. Kogin ya taso daga Faransa, ya bi iyakar Luksambur, ya wuce Trier, ya yi ta lanƙwashe-lanƙwashe har ya faɗa Rhein a Koblenz. In kana tafiya a bakinsa za ka ga inabi a gaɓar hagu, ƙauye ko daji ko makiyaya a ta dama. Da kogin ya juya sai inabin ya tsallaka dama, dajin ya koma hagu. Duk gaɓar da ta kalli kudu ita ce gona. Ratar da ke tsakanin gaɓoɓin biyu ba ta wuce jifa biyu ko uku ba, amma ɗaya tana nunar da inabi, ɗayar ba ta iyawa.

Ƙasar wurin ma da ƙyar za ka kira ta ƙasa. Dutsen allo ne, mai ɓarewa falle-falle, baƙi-baƙi ko shuɗi-shuɗi, a wasu wuraren ja. Yana shan rana da yini ya riƙa fitar da ɗumin da dare, kamar yadda bangon siminti ke ci gaba da huci bayan magariba a watan bazara. Ruwa ba ya kwanciya a cikinsa, saiwa kuma na bin tsagoginsa ta nutse mita da yawa neman laima. A tsakanin Bremm da Ediger-Eller akwai gonar Calmont, wadda gangarenta ya kai wajen digiri 65, ana kuma lissafa ta cikin mafi tsayuwar gonakin inabi a Turai. A irin waɗannan wurare tarakta ba ta shiga. Kowace kuranga da sandarta, a lanƙwaso rassanta biyu a ɗaure a jikin sandar, komai da hannu. Kaya kuwa ana hawa da su a ɗan ƙaramin jirgi mai bin dogo ƙwaya ɗaya, ko a ja su da igiyar ƙarfe, shi ne abin da ƙanenka ya gani. Wanda ya taɓa tsinka a can ya san cewa ƙafa ce ke fara gajiya kafin hannu, domin dutsen na zamewa a ƙarƙashinka duk takun da ka yi. Tsofaffin manoma har dutsen da ruwa ya gangarar sukan kwaso a kwando su mayar sama.

Wannan wahala na da farashi. Aikin hekta ɗaya a gangare kan ninka na shimfiɗaɗɗen fili sau huɗu ko biyar, ko ma fiye. Shi ya sa Mosel, wadda ta haura hekta 12,000 a wajajen 1990, yanzu ba ta kai 9,000 ba. Yaran gida sun tafi birni, gonakin da suka fi wuyar hawa sun koma sarƙaƙiya. Abin na ba ni takaici, domin katangun dutsen da ke riƙe da waɗannan gonaki aikin ɗaruruwan shekaru ne, kuma in suka rushe ba mai sake gina su. Haka lamarin yake a Mittelrhein, tsakanin Bingen da Bonn, inda abin da ya rage bai kai hekta 500 ba, duk da cewa hukumar UNESCO ta sa kwarin da ke tsakanin Bingen da Koblenz cikin wuraren tarihi na duniya a 2002.

Sanin waɗannan wurare ba a rana ɗaya aka same shi ba. Rumawa ne suka kafa noman a Mosel, an ma tono wuraren matsar inabinsu a Piesport. Daga baya gidajen ibadar Kirista suka karɓa, irin su Eberbach da aka kafa a 1136 a Rheingau, su kuwa mutane ne masu rubuta komai: wace gona ce dusar ƙanƙara ke fara narkewa a kanta, wacce ke fara nuna, wacce raɓa ke ci. A Rheingau sa'ar da suka yi ita ce kogin Rhein, wanda ke tafiya arewa, ya ci karo da tsaunukan Taunus a wajen Wiesbaden sai ya juya yamma na kusan kilomita 30 har Rüdesheim. Wannan juyi ya ba su doguwar gaɓa guda mai kallon kudu, tsauni a bayanta, faffaɗan kogi a gabanta. Yankin bai fi hekta 3,200 ba, amma sunansa ya fi girmansa nesa ba kusa ba. A nan ne kuma cibiyar binciken inabi ta Geisenheim take tun 1872.

Sauran yankunan

Inda inabin yake da yawa ba a gangaren ba ne. Rheinhessen, tsakanin Mainz, Worms da Bingen, ita ce babba da kusan hekta 27,000, ƙasa mai ƙananan tuddai da taɓo mai laushi wanda iska ta tara tun zamanin ƙanƙara. Ruwan sama a can bai cika wuce milimita 550 a shekara ba, wato kusan rabin abin da Zariya ke samu, sai dai yana rarrabuwa a duk shekara kuma rana ba ta shanye shi da sauri. Kudu da ita akwai Pfalz mai sama da hekta 23,000, wadda tsaunukan Haardt ke tare mata ruwa da iskar yamma, har ɓaure da almon suna yi a ƙauyukanta. Waɗannan biyun sun riƙe kusan rabin inabin ƙasar, kuma a can inji ne ke yawancin tsinka.

Baden doguwa ce siririya, kusan kilomita 400 daga kwarin Tauber zuwa tafkin Bodensee, ita ce kuma mafi ɗumi. A cikinta akwai Kaiserstuhl, tsohon dutse mai aman wuta da ya mutu, wanda aka yanyanka jikinsa hawa-hawa. Maƙwabciyarta Württemberg na bin kogin Neckar, gonakinta har cikin birnin Stuttgart, kuma jan inabi ya fi yawa a can. A waɗannan yankuna biyu gonakin ƙanana ne ƙwarai, mutum na aikin masana'anta da rana ya duba kurangunsa da yamma, don haka mafi yawansu ƙungiyar gama-kai suke kai wa amfaninsu.

Franken, a bakin kogin Main wajen Würzburg, ta yi nisa da teku, saboda haka hunturunta ya fi tsanani, raɓar bazara kuma ta fi yi mata ɓarna. Ƙasarta dutsen farar ƙasa ne mai cike da ɓawon dodon koɗi na tsohon teku, da yumɓu mai nauyi. Nahe ƙarama ce amma kusan kowane ƙauye da irin dutsensa. Hessische Bergstraße ɗan zirin gangare ne kudu da Darmstadt. A gabas akwai Saale-Unstrut a kan digiri 51, da Sachsen a bakin kogin Elbe wajen Dresden da Meissen, su biyun duka ba su kai hekta 1,500 ba.

Ahr kuwa sai an tsaya a kanta. Tana kudu kaɗan da Bonn, cikin mafiya nisa arewa, hekta 500 da 'yan kai, amma fiye da kashi uku cikin huɗu na inabinta ja ne, wanda a ƙa'ida ya fi fari buƙatar ɗumi. Matsattsen kwari ne mai baƙin dutse da ke kulle zafi a ciki. Manoman Mayschoss da ke can ne suka kafa ƙungiyar gama-kai ta manoman inabi a 1868, wadda ake ɗauka mafi daɗewa a ƙasar. Wannan matsi na kwarin shi ne kuma ya zame musu masifa a daren 14 ga Yulin 2021, da ambaliya ta kashe sama da mutum 130 ta share gidaje da rumbunan ajiya. Gonakin da ke sama a gangare ne suka tsira.

Ire-iren da suke dasawa

Kusan kashi biyu cikin uku fari ne, sauran ja. Sarkinsu shi ne Riesling, mai wajen hekta 24,000, kusan kashi 23 cikin 100 na duk gonakin, kuma babu ƙasar da ta kai Jamus yawansa. An fara ganin sunansa a rubuce a 1435 a wata takardar lissafi a Rüsselsheim. In ka dubi halinsa za ka ga ya dace da wurin ta kowace fuska: itacensa na da tauri, sanyi ba ya kashe shi da wuri, yana jinkirin toho, don haka raɓar bazara kan wuce shi, yana kuma jinkirin nuna, har tsakiyar Oktoba ko Nuwamba, yana riƙe da tsaminsa. Amma saboda wannan jinkiri ba ya yi sai a wuri mafi kyau. Shi ya sa ya cinye fiye da kashi 60 na Mosel da fiye da kashi uku cikin huɗu na Rheingau. Ƙwayarsa ƙarama ce, mai 'ya'ya a ciki, nononsa a cure.

To wanda gonarsa ba ta kallon kudu fa? Wannan tambaya ce ta haifar da sababbin iri. A 1882 wani masani ɗan Suwizalan, Hermann Müller na lardin Thurgau, ya haɗa wani iri a Geisenheim wanda aka sa wa suna Müller-Thurgau. Yana riga Riesling nuna da makonni, yana ba da yawa, ba ya zaɓen wuri. Manoma suka rungume shi har ya zama na ɗaya a ƙasar daga shekarun 1970 zuwa tsakiyar 1990. A ganina nan ne suka yi tuntuɓe: da aka samu irin da zai yi a ko'ina sai aka dasa shi a ko'ina, har a filayen da a da dankali da gwoza ake nomawa, aka cika kasuwannin waje da kaya mai araha, sunan ƙasar ya zube. Sun ɗauki shekaru kafin su farfaɗo, kuma sun farfaɗo ne ta hanyar rage yawan amfani da komawa ga dasa kowane iri a inda ya dace da shi. Har yanzu Müller-Thurgau na da wajen hekta 11,000.

Silvaner, wanda aka rubuta dasa shi a Castell a 1659, shi ne na Franken da Rheinhessen, domin yana son ƙasa mai nauyi da farar ƙasa. A cikin ja babban shi ne Spätburgunder, wanda Faransawa ke kira Pinot Noir, sama da hekta 11,000, yawancinsa a Baden, Pfalz da Ahr. Faransa da Amurka ne kawai suka fi Jamus yawansa. Fatarsa siririya ce, ba ya son zafi mai yawa, ba ya son ruwa kusa da tsinka. 'Yan'uwansa farare, Grauburgunder da Weissburgunder, su ne suka fi saurin ƙaruwa a shekarun nan. Dornfelder kuma August Herold ne ya samar da shi a Weinsberg a 1955, don a samu ja mai duhun launi a ƙasar da ja ke fitowa a koɗe. Akwai na gargajiya da ba sa barin gida, Trollinger da Lemberger a Württemberg, Gutedel a kudancin Baden, Elbling a saman Mosel.

Saboda nuna ita ce abin da ke da wuyar samu, dokarsu ta 1971 ta jera daraja ne bisa yawan sukarin ruwan inabi ranar tsinka. Ma'aunin sunansa Oechsle: gram nawa lita ɗaya ta ruwan inabi ta fi lita ɗaya ta ruwa nauyi. Matakan na hawa daga Kabinett zuwa Spätlese, Auslese, har waɗanda ake tsinta ƙwaya-ƙwaya bayan sun yanƙwane. Labarin da ake bayarwa a Johannisberg kan asalin Spätlese, wato tsinka a makare, shi ne a 1775 manzon da ke kawo izinin tsinka daga mai gonar a Fulda ya makara, har fumfuna ta kama inabin, sai aka tarar irin wannan fumfunar tsotse ruwa take yi ta bar sukari. Akwai kuma wanda ake bari a jikin reshe har sanyi ya kai digiri 7 ƙarƙashin sifili, a tsinke shi daskararre cikin dare a Disamba ko Janairu. Sabuwar dokar 2021 ta fara mayar da nauyi kan wurin da inabi ya fito maimakon sukari, domin yanzu nuna ta daina wuya.

Ka lura da wani abu da ba ya fitowa a hoto: kusan kowace kuranga a can mai aure ce, kamar yadda kuke yi wa mangwaro. Wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa ya shigo Turai daga Amurka a shekarun 1860, ya halaka gonakin Faransa, aka gan shi a Jamus kusa da Bonn a 1874. Magani ɗaya aka samu, a ɗora irin Turai a kan gindin irin Amurka wanda saiwarsa ke jure ƙwaron. Ɗaya daga cikin gindin da aka fi amfani da su a duniya, SO4, a Oppenheim aka zaɓo shi. Daga Amurka dai cututtukan fumfuna biyu na ganye suka zo, su ne ke sa manomin can feshi a kai a kai daga Mayu zuwa Agusta. Don a rage wannan feshi ne aka fito da iri masu jure fumfuna, irin su Regent da aka haɗa a 1967 a Geilweilerhof, da Solaris a Freiburg a 1975. Kasonsu har yanzu kaɗan ne, amma ni a nan nake ganin makomar noman take.

Yanzu kuma yanayin ya juya musu. Tsinka na farawa makonni kafin lokacin da kakanninsu suka saba. A 2018 fari da zafi suka yi tsanani, a Yulin 2019 zafi ya haura digiri 40 har rana ta ƙone ƙwayoyin da ba su da inuwa. Gangaren dutsen allo da aka zaɓa don ɗumi ya fara yin zafi da ƙishi fiye da kima. Ana dasa Merlot da Syrah a Pfalz, har a tsibirin Sylt kusa da Denmak akwai gona. Haɗarin raɓa kuma bai tafi ba, ƙaruwa ma ya yi, domin toho na fitowa da wuri: a Afrilun 2024 'yan darare kaɗan suka cinye mafi yawan amfanin Sachsen da Saale-Unstrut.

Zai yi a gonarka?

Kurangar za ta rayu, za ta ma yi ganye shar, amma ba za ta ba ka abin da za ka sayar ba. Duk darajar Riesling na cikin nuna a hankali cikin sanyin dare. A zafinku zai nuna a gaggauce, tsami da ƙamshin su tafi, a bar ka da ƙananan ƙwayoyi masu 'ya'ya, alhali mai saye a Kano ko Abuja babba yake nema, mai zaƙi, mai tauri, wanda zai jure mota. Curarren nononsa kuma ruɓewa zai yi in ya gamu da laimar damina. Sannan a wurinku kuranga ba ta samun barcin hunturu, aski da ban ruwa ne ke tsara mata shekara. Ga kuma haɗarin da ya fi duka: reshen da aka sako a jaka ba tare da izinin hukumar kula da shigo da tsirrai ba na iya zuwa da ƙwaron saiwa ko cutar naɗe ganye, ka jawo wa kanka da maƙwabtanka abin da ba shi da magani.

In iri kake nema, dubi ƙasashen da suka yi kama da taka. A yankin Nashik na Indiya suna aski sau biyu, a Afrilu don gina rassa da Oktoba don 'ya'ya, su tsinka a rani, yawanci Thompson Seedless a kan gindin Dogridge mai jure fari da gishirin ƙasa. A kwarin São Francisco na Birazil, wajen Petrolina, suna girbi biyu a shekara da ban ruwa. Ban ga gonarka ba, saboda haka ba zan yanke maka iri daga nesa ba. Ka gwada ƙasarka da ruwan rijiyarka tukuna, ka dasa layi ɗaya ko biyu na kowane sabon iri kafin ka ba shi fili.

Abin da za ka ɗauko daga Jamus hali ne na aiki. Ka san gonarka taku-taku yadda suka san tasu, sai dai lissafinka a juye yake: su suna neman rana, kai kana neman inda ruwa ba ya kwanciya, iska na ratsawa, ranar la'asar kuma ba ta dukan nono kai tsaye. Su suna cire ganye don haske ya shiga, kai ka rage na ciki don iska ta wuce amma ka bar na yamma ya yi inuwa. Ka riƙa rubuta ranar aski, ranar toho, ranar fure da ranar tsinka na kowane layi, bayan shekara uku littafin nan zai gaya maka abin da babu masanin da zai iya. Ka sayi ɗan madubin auna sukari, kada ka tsinka ƙasa da 16 a ma'aunin Brix, wato ma'aunin sukarin da madubin ke nunawa, domin inabi ba ya ƙara nuna bayan an cire shi. Kuma ku dubi batun gama-kai da gaske, musamman don ɗakin sanyi da mota, tunda manomi ɗaya ba zai iya su ba.

Shi kuma ƙanenka ka ja masa kunne a kan abu biyu. A Satumba da Oktoba ana sayar da wani farin ruwan inabi mai gurɓi a bakin hanya da kantuna, Federweisser, mai zaƙi kamar lemo, amma ya riga ya fara tsima, akwai barasa a cikinsa. Giyar da aka rubuta an cire mata barasa ma doka ta yarda a bar har kashi 0.5 cikin 100 a ciki. Zallar ruwan inabi shi ne wanda aka rubuta Traubensaft a jikinsa. In kuma yana so ya yi maka hidimar da za ta amfane ka, ya je wata gona a Fabrairu lokacin aski, ya nemi izinin mai ita ya ɗauko maka bidiyon yadda suke zaɓar reshen da za a bari, ido nawa suke ƙirgawa, da yadda suke yanka don kada raunin ya ci cikin gindi.